Golan da Ubansa Ya Ba Ni

Shekara uku na yi ina bin 'ya'yan mutane ina lallashinsu su zo su yi wasa a kan ƙanƙara, a garin da in ka manta gorar ruwa a mota da azahar za ka dawo ka tarar ta isa haɗa shayi. Duk wanda na ba wa labarin sai ya dube ni ya ce, "Ƙanƙara kuma a Dubai?" Ba na gardama da kowa. Ni ma ban yarda ba sai ranar da na taka ta da takalmin ofis, na yi zaman dirshan a gaban yara 'yan shekara bakwai, suka zagaye ni suna tambayata ko a kira mini likita.

A ƙarshen 2016 na samu aiki a ofishin wasanni na wata ƙaramar kwaleji mai zaman kanta. Na zaci ƙwallon ƙafa zan riƙa shiryawa, abin da na karanta kuma na sani tun ina buga ta ba takalmi a Kano. Ashe shugaban kwalejin wani dattijo ne ɗan Kanada da kewar gida ta dama, ya rantse sai makarantarsa ta yi ƙungiyar hoki na ƙanƙara. Ga wanda bai taɓa gani ba, wasa ne na mutum shida-shida, kowa da takalmi mai ƙarfe kamar wuƙa a ƙarƙashi da sanda mai lanƙwasa a hannu, suna korar wani baƙin faifan roba mai tauri da bai fi tafin hannu ba. Biyar suna gudu suna bangazar juna, na shida yana tsaye a bakin raga cikin kaya kamar an naɗe shi da katifa. Shi ne gola.

Koyarwa ba aikina ba ce. Akwai koci, wani dogon mutum ɗan Finland wanda in ya yi maka magana uku a yini to ranar yana cikin fara'a. Ni nawa shi ne in nemo yaran da suka iya wasan, in shawo kansu su shigo kwalejinmu idan sun gama sakandare, a rage musu kuɗin makaranta su buga mana. Bizata da ta maiɗakina da ta 'ya'yana mata biyu duk a jikin wannan aikin suke rataye. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, don haka na sayi rigar sanyi a unguwarmu ta Satwa, na fara zuwa filin ƙanƙara kowace Juma'a da zarar na idar da sallar asuba, don a lokacin ne ƙungiyoyin yara suke atisaye. Yawancinsu 'ya'yan ma'aikata ne daga Kanada da Rasha da Sweden. In zauna a benci da ɗan littafina, haƙorana suna karo da juna, ina rubuta wanda ya fi.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne akwai wasu da ake kira juniya. Ƙungiyoyi ne na matasa a can ƙasashen sanyi, suna ɗaukar yaro tun daga shekara sha shida, su ajiye shi a gidan wasu mutanen gari, ya yi ta buga wasa ko Allah zai sa manyan ƙungiyoyi su hango shi. Ba sa zuwa Dubai. Ba wanda ya taɓa tashi da asuba a cikinsu ya zo ya zauna a kan wannan bencin mai daskarar da mutum. Bidiyo kawai suke kalla a waya su aiko da saƙo, shi ke nan yaron da na shekara ina bibiya, na san sunan karensa da ranar haihuwar uwarsa, sai ya ɗauki jaka. Uwar ta rubuto mini layi biyu tana godiya da irin kirkina. Shekarar farko uku suka tafi a haka, ta biyu huɗu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Waɗanda suke rage mana su ne waɗanda ba mai so, kuma da su muke shiga gasar manya ta gari, ana cin mu kamar tuwon sadaka.

Duk da haka ana lallaɓawa da ko wane ne, ban da a raga. Gola wuyar samu gare shi, don ba kowane yaro ne mai hankali zai yarda ya tsaya a riƙa jifansa da roba mai taurin dutse ba. Namu guda ɗaya ne kuma yana gab da gama karatu. Masu kwalejin, waɗanda dama suna yi wa wasan kallon almubazzaranci, suka gindaya wa shugaba sharaɗi: in ƙarshen Yulin 2019 ya zo babu cikakkiyar ƙungiya da gola, a rufe ta, a rufe kujerar da aka buɗe dominta. Kujerar nan ni ne a kai.

Wata Juma'a ina zaune ina kallon wani gola da ba abin da yake wuce shi. Yaron ba ya wani tsalle-tsalle, faifan ne kamar yake neman hannunsa da kansa. Can ɗaya ya kufce masa ya shiga, sai na ji murya daga bayana, da Hausar Kano tsantsa: "Kai! Tsaya da kyau mana, barci kake yi?" Na waiga a firgice. Wani dattijo ne cikin babbar riga, ya yafa bargo a kai, da hula zanna bukar, yana riƙe da fulas ɗin shayi. Da aka tashi, golan ya cire hular ƙarfensa, sai ga fuskar ɗan gida. Wallahi sai da na ji ƙwalla. Watanni ina wannan aikin ban taɓa jin an tsawata wa yaro da harshen da aka tsawata mini ba.

Alhajin nan uban yaron ne, ɗan kasuwa, shagonsa yana unguwar Al Ras, yana tura kayan ƙamshi da turare Kano ta kwantena daga tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali. A Dubai aka haifi yaron. Wasu maƙwabtansu Turawa ne suka fara tafiya da shi filin yana ɗan shekara shida, ya ƙi fitowa, har yau. A lokacin da na gan shi yana sha shida, saura shekara biyu ya gama sakandare, wato daidai lokacin da nake bukata. Na ce a raina wannan karon 'yan juniya sun makara. Su sun san waya, ni na san hanyar gida.

Hanyar gida kuwa ita ce ba a tsallake uba a je wurin ɗa. Na fara zuwa shagon Alhaji gaisuwa. Ɗan lungu ne da buhunan kanumfari da citta suka cika har rufi, in ka zauna minti goma sai ka kwana kana ƙamshi. Zuwan farko ban ce komai ba, muka sha gahawa da dabino, muka gano cewa kakata da wata goggonsa 'yan unguwa ɗaya ne. Zuwa na biyu na kai masa kilishin da aka aiko mini daga gida. Sai a na huɗu na buɗe baki, shi ma a kaikaice. Ya ce zai yi shawara. Bayan wata biyu na ɗauki wani dattijo da yake ja mana salla a masallacin da 'yan gida suke taruwa, muka je tare. Na faɗi abin da kwaleji za ta yi wa yaron: karatu kyauta, yana gaban iyayensa, yana salla a kan lokaci, yana wasan da yake so.

Alhaji ya gyara zama ya ce, "Malam, ni dama abin da nake tsoro ke nan, a ɗauke mini yaro a kai shi inda ba mai ce masa tashi ka yi salla. Kai namu ne. Na ba ka shi, khalas, magana ta ƙare. In ya gama, naka ne."

Liman ya ɗaga hannu aka yi fatiha. Na fito daga wannan lungun ina jin kamar ni na gina Dubai.

Washegari na gaya wa koci mun samu gola. Ya dube ni da waɗannan idanun nasa masu kama da ruwan randa ya ce, "Ya sa hannu?" Akwai wata takarda da ɗalibi yake sa wa hannu cewa ya amince zai zo. Na ce masa uban ya yi magana a gaban shaida. Ya ce, "Uban ne zai tsaya a raga?" Maganarsa ta biyu ke nan a ranar, kuma ta ɓata mini rai ƙwarai. Na yi masa bayani a hankali, irin yadda ake yi wa wanda bai samu tarbiyya ba, cewa in na koma wa Alhaji da takarda bayan an shafa fatiha, na ce masa ke nan maganarsa ba ta isa ba. In kuma na kewaye shi na kai wa yaron, na nuna uban ba shi da iko da gidansa. Koci ya ɗaga kafaɗa ya tafi wasa ƙarafan takalman 'yan wasa. Na bi shi da harara, ina cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, alhali ya girme ni da shekara goma.

Shekara biyu muka yi a haka. Duk Juma'a yaron yana fitowa daga ƙanƙara zai nufo ni, ya rusuna iya yadda waɗannan kayan za su bar shi, ya ce, "Kawu, ina kwana." In ce, "Ana ta ƙoƙari ko? Muna nan muna jiranka fa." Ya sunkuyar da kai ya ce, "In sha Allahu, Kawu." Iyakar hirarmu ke nan, shekara biyu. Ni kuwa ina ta yabonsa a wurin mutane, yaro mai ladabi, an haife shi a nan amma kamar a Kano ya tashi. Ban taɓa zaunar da shi ba. Me zan tambaye shi? An riga an gama magana da manya.

A cikin wannan lokacin wata mata 'yar Kazakistan ta rubuto mini har sau uku, ɗanta gola ne, yana neman makaranta. Gurbin karatu kyauta guda ɗaya aka ba ni, kuma na riga na yi alkawarinsa. Na rubuta mata cewa mun cika, da irin ladabin da iyayen Turawa suke rubuto mini, har ina jin daɗin yau ni ma na samu wanda zan yi wa. Duk lokacin da na tuna wannan wasiƙar sai in ji kamar in mari kaina.

Tsakiyar Yunin 2019, zafi ya kai inda ko tsuntsu ba ya fita, koci ya shigo ofishina ya ajiye wayarsa a kan teburina. Jerin sunaye ne na wata ƙungiyar juniya a wani ɗan ƙaramin gari a Kanada, waɗanda aka gayyata sansanin gwaji a watan Agusta. Ga hoton yarona na uku daga sama, yana murmushin da ban taɓa ganin ya yi ba.

Na ce wannan kuskure ne. Koci ya ce ba kuskure ba ne, kusan shekara guda ke nan mai neman 'yan wasansu yana kiran yaron ta bidiyo duk mako. Na ce ya aka yi ya sani. Ya ce, "Ya roƙe ni in rubuta musu gaskiya a kansa, na rubuta."

Na miƙe tsaye. Na faɗa masa maganganu da Turanci, da Turancin ya ƙare na ƙarasa da Hausa. Mutumin da muke cikin jirgi ɗaya, shi ne yake huda shi! Ya bari sai da na gaji, sannan ya yi doguwar maganar da ban taɓa jin ya yi irinta ba. Ya ce shi bai ɓoye mini don mugunta ba, yaron ne ya ce a bar shi ya faɗa da bakinsa, kuma ya yi ta jira ya faɗa. Ya ce takardar da na ƙi kaiwa ba don a ɗaure kowa aka yi ta ba. An yi ta ne don a ajiye ta a gaban yaro da biro, a ga ko hannunsa zai motsa. "Da ka kai masa bara, da ka san amsarka bara."

Ban jira la'asar ba na hau jirgin ƙasa zuwa Al Ras. Tun a hanya nake shirya yadda zan kunyata Alhaji cikin ladabi. Na tarar da shi yana faɗa da wani ɗan dako a kan buhun da aka jiƙa. Na nuna masa hoton. Ya sa tabarau, ya cire, ya sake sawa. Daga yadda ya ƙura wa hoton ido na gane ashe ba ni kaɗai aka bari a baya ba. Uwar yaron ta sani, yayarsa ta sani, koci ya sani, har maƙwabtan nan Turawa sun sani. Mu biyu da muka zauna muka yanke magana da fatiha, mu ne kawai ba mu da labari.

Ya ɗaga waya ya ce, "Ka zo shago yanzu. Yalla, maza."

Yaron ya zo cikin jallabiya, ya tsaya a bakin ƙofa tsakanin buhuna. Ban taɓa ganinsa ba kayan wasa ba, ashe siriri ne. Alhaji bai ɗaga murya ba, wanda ya fi tsawa ban tsoro.

"Ni za ka mayar ƙaramin mutum a garin nan? Na ba Malam kai a gaban liman. Magana zarar bunu ce. Fasfo ɗinka yana cikin durowar nan, kuma a nan zai zauna." Sai ya juyo gare ni. "Malam, ka yi haƙuri. Naka ne, yadda na faɗa. Abin da ka ce shi za a yi."

Abin da na zo nema ke nan, an miƙo mini shi a faranti. Sai dai yaron ya ɗago ya dube ni sau ɗaya ya mayar da kai, sai na kasa miƙa hannu in karɓa. Na roƙi Alhaji izini in ɗan taka da shi. A gaban uba ba abin da zai faɗa, ni ma na san wannan.

Muka fita bakin ruwa inda jiragen katako suke lodi, muka raɓe a inuwar wasu kwalaye. Gumi yana bin bayana. Na ce, "To, faɗa mini. Me kake so?" Tambayar da ba ta kai numfashi ɗaya ba, na yi shekara biyu ban yi ta ba.

Da ya fara magana kuwa, Hausa da Turanci da Larabci suka riƙa fitowa a cakuɗe. Ya ce tun yana ɗan shekara shida yake tashi kafin kiran salla saboda wasan nan. Ya ce bai taɓa bugawa a gaban mutanen da suka wuce iyayen yara da masu shara ba. Ya ce a nan ya san duk wanda zai buga masa da inda zai buga, ba abin da yake ƙaruwa da shi kuma. Can ɗin ma ba tabbas, ana iya koro shi bayan mako uku, amma yana so ya sani. "Kawu, ba raini ba, na kalli wasanku na ƙarshe." Bai ƙarasa ba, kuma na gode masa da bai ƙarasa ba. Sha ɗaya aka ci mu.

Na ce, "To me ya hana ka gaya mini tun tuni?"

Ya ce, "Kawu, Abba ya riga ya yi magana. Ta ina zan fara? Ina ta jira ko za ka tambaye ni." Ya goge fuska da hannun riga. "Amma in ka ce in zauna, wallahi zan zauna. Zan buga muku da gaske, ba zan yi wasa ba."

Na rantse da na fi son ya yi mini rashin kunya. Da ya ce ba wanda ya isa, da na samu abin kamawa, in yi fushi in riƙe haƙƙina da zuciya ɗaya. Amma uba ya ce abin da na ce, ɗa ya ce abin da na ce, koci ya ɗaga kafaɗa. Kowa ya sauke kayansa a kaina ya koma gefe yana ladabi. Haushinsu duka ya kama ni, har da na liman da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Na koma fulat ɗinmu a Satwa na tarar maiɗakina tana yi wa ƙaramar tsifa. Na zayyana mata komai, ina sa ran ta ce wani abu da zai sauƙaƙa mini. Ba ta ɗago daga kan yarinyar ba ta ce, "Malam, haƙƙinka ne. Ba sata ka yi ba, ba ka aka yi. Kuma kai ma kana da 'ya'ya, ga su nan, makarantarsu ba da fatiha ake biya ba." Na ce to ai shi ke nan. Ta ce, "Shi ke nan mana. Sai dai kai za ka riƙa kallon fuskarsa duk asuba shekara huɗu, ba ni ba." Ita ma ta sauke nata a kaina.

Kwana uku ina jujjuya abin. Na gaya wa kaina cewa karatu ya fi masa, cewa cikin yara ɗari da suke tafiya juniya da wuya ɗaya ya zama wani abu, cewa zan cece shi ne daga sanyi da kaɗaici da naman da ba a san yankansa ba. Duk gaskiya ne. Amma na san ba don wannan nake so ya zauna ba, kuma na san ya sani.

Abin da aka ɗaura a gaban shaida, a gaban shaida ake kwance shi. Na sake ɗaukar liman muka koma Al Ras. Na ce, "Alhaji, ka ba ni, na karɓa, na gode. Ba ka saɓa ba. Yanzu tunda nawa ne, ni na ga dama na sake shi. A ba shi fasfo ɗinsa."

Alhaji ya juyo gare ni. Ya ce, "Malam, aikin naka fa?" Na ce Allah yana nan. Ya ce na sa shi jin kunya, na ce babu kunya tsakaninmu. Sai ya roƙe ni abu ɗaya, kada yaron ya san daga wurina abin ya fito. In ya ji cewa baƙo ne ya warware maganar ubansa, gobe ba zai ƙara jin maganar gida da nauyi ba. Shi zai kira shi ya ce ya sake shawara. Na ce haka ya dace, kuma har ga Allah haka ya dace. Amma ina fita na yi tsaki mai ƙarfi har liman ya waigo.

Saura mako biyar da 'yan kwanaki. Na rubuta wa matar nan 'yar Kazakistan, ta amsa da cewa ɗanta ya samu wuri tuni, ta gode da kirkina. Na kira duk lambar da ke cikin littafina. Na je Abu Dhabi, na je Al Ain, a kan labarin wani gola da ya zamana ɗan shekara sha uku ne. Da abin ya ƙi, muka kama wani ƙaton ɗalibi ɗan Masar da yake gola a ƙwallon hannu, muka naɗe shi da kayan, mutum biyu suka tura shi bakin raga. Faifan farko da ya same shi a ƙirji ya cire safar hannu, ya ce shi injiniya ya zo karanta, ya fita da rarrafe. Koci, wanda ban ƙara yi wa magana ba sai ta aiki, ya kira mutanensa har Finland. Ba a dace ba.

Ranar ƙarshe ta wata shugaba ya kira ni. Dattijon ya fi ni damuwa, har ni ne nake ba shi haƙuri. Ya ce ya yi iya ƙoƙarinsa a samar mini wata kujera, babu. Ya tambaye ni abin da ya faru da golan da na ce an ba ni. Na ce 'yan juniya ne. Ya girgiza kai ya ce ai haka suke, ba su da kunya. Ya miƙo mini takardar sallama a cikin ambulan. Koci zai koma koyar da yara, ni kuma an ba ni ɗan lokaci in tattara.

Juma'ar da ta biyo baya na je filin don in kwashe sandunan kwaleji daga ɗakin ajiya. Ina cikin ɗaure su sai ga yaron ya shigo da gudu, ya zo yi wa mutane sallama, jibi zai tashi. Wannan karon bai sunkuyar da kai ba. Fuskarsa kamar an ba shi kujerar Makka.

"Kawu! Abba ya yarda! Wallahi ban san abin da ya sauya masa ra'ayi ba, kawai ya kira ni ya miƙo mini fasfo. Mama ta ce addu'a ce." Sai ya tuna da wanda yake magana, ya rage murya. "Kawu, ka yafe mini. Na san na ɓata maka. Kun samu wani golan?"

Ambulan ɗin yana cikin aljihun rigar sanyina, ina jin gefensa a haƙarƙarina. Na ce, "Mun samu mana. Wani ma da ya fi ka. Kai dai ka je ka riƙe salla, kada ka ba mu kunya."

Ya yi dariya, ya sauke ajiyar zuciya, ya kama hannuna da hannu biyu. Ya taya ni ɗaukar sandunan har mota, yana ta ba ni labarin mutanen da zai zauna a gidansu, wai suna da tafki a bayan gida da yake daskarewa. Na kai sandunan kwaleji na miƙa mabuɗi. Daga nan na wuce wurin mai kantin da ke ƙasan gidanmu, na tambaye shi ko yana da manyan kwalaye da ba ya so.